Safiyar da Na Hana Shuka Ruwa

A fadamar Argungu akwai sunan da aka laƙaba mini, har na gaji na daina faɗa a kansa: Mai Shinshina. Duk safiya idan na isa lambu, kafin in tsoma ƙwarya a ruwa ko in tada inji, sai na tsaya na ɗaga hanci na shaƙi iska. Maƙwabcina na gabas ba ya barin ta wuce. "Arzika, mi kaj jiyo yau? Tuwon wa anka ƙona?" Nakan yi dariya in bar shi. Ba da wannan ɗabi'a aka haife ni ba, daga Aljeriya na zo da ita.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Gulbi ne ya cika ya kwanta a kan shinkafarmu, aka sake shukawa ya sake kwanciya. Ana cikin haka na haɗu da wani mutum a teburin mai shayi a Badariya, cikin Birnin Kebbi, wanda kowa ke kira Mai Hanya. Ya ce can arewa ana neman masu sanin ban ruwa ido rufe. Ni kuwa in akwai abin da na iya a duniya, ban ruwa ne. Matata Kulu ta haɗa mini kaya, ta cusa wani ɗan ƙoƙon duma a ƙasan jaka, wai kada in rasa abin shan kunu a ƙasar mutane.

A Agadas Mai Hanya ya tattara fasfo ɗinmu, ya ce za a buga musu hatimi a gaba. Muka ba shi har muna godiya. Daga nan sai rairayi. Ni da na girma ina iyo a gulbin Matan Fada, ban taɓa sanin ƙasa za ta iya miƙewa haka babu ko ɗigon ruwa ba. An jera mu a bayan mota, ƙafafu a waje, kowa ya rungume jarkarsa. Tawa ta tsage a hanya ban lura ba, sai da na ɗaga na ji ta sakayau. Wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke kusa da ni ta ga abin da ya faru. Sai ta dinga tsiyaya mini a murfin jarkarta duk lokacin da za ta sha, tana haɗa mini da ɗan curin gumba. Ban tambayi sunanta ba, kuma har yau abin yana damuna.

A Tamanrasat, cikin Aljeriya, Mai Hanya ya ajiye mu a wani kango, ya ce bari ya je ya dawo. Har yanzu bai dawo ba. Na yi dakon bulo, na yi kwaɓa siminti, na kwana a ɗakin da ba ƙofa. Sanyin garin ya shiga ƙashina, kewar gida kuma ta fi sanyin. Abin dariya, ba tuwo na fi kewa ba, warin gulbi ne, wannan ƙarnin laka da kifi da muke tsaki a kansa a gida.

Wata rana ina sauke bulo wani direban motar kayan gwari ya tsaya yana kallon fuskata. Sai na ji ya ce da Hausa, "Wanga tsage na Kabi na. Ɗan Argungu, mi kaka yi nan?" Hamidu sunansa, mutumin Gaya, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. Na riƙe hannunsa na kasa saki. Shi ya ɗauke ni a cikin motarsa, tsakanin kwanduna, ya haura da ni arewa har inda ake jin iskar teku, ya damƙa ni ga wani mai lambu da yake yi wa jigila.

Si Rabah ake kiran mai lambun. Gajere ne, mai saurin fushi, kuma gonar gadon ubansa ce, don haka yana ji da ita. An kewaye ta da katanga. Akwai salak, da wake, da wani ganye mai kama da alayyafo, da albasa. Can wajen teku, bayan wasu gidaje, akwai wata masana'anta mai dogayen bututu da ba sa daina hayaƙi. Ya ba ni ɗaki kusa da injin ruwa, ya kafa mini doka ɗaya: kada in leƙa waje. Wanda aka kama babu takarda, mota ake zuba shi a mayar da shi bakin iyaka a sauke cikin rairayi, ya ƙarasa da ƙafa. Na taɓa hango irin motar ta ramin ƙofa, shaƙe da baƙaƙen mutane irina. Na riga na san rairayin nan, kuma na san ba kullum ake samun tsohuwa mai murfin jarka ba.

Larabcin da na koya a Islamiyya shi na fito da shi. Duk na yi magana sai su fashe da dariya, wai ina yi musu huɗuba. A hankali na kama nasu.

Abin da ya fara ba ni haushi a lambun nan shi ne yadda suke ban ruwa. Wasu siraran tiyo ne baƙaƙe aka shimfiɗa a gindin shuka, ruwa na fita ɗis, ɗis, kamar mai ciwon ido. Na duba na ce wannan ai rowa ce. Mu a fadama, Baba ya koya mana tun muna ƙanana cewa da asuba ake shiga lambu, a cika ƙwarya a watsa sama, ruwa ya sauko kan ganye ya wanke shi, ƙasa ta sha har ta bari. Bai yarda ka bar shuka ta yi yaushi ba, in ya ga haka a fanginka ranar ba ka da kunnen jin daɗi. Da Si Rabah ya ware mini fangullan ƙasa ya ce su ne nawa, sai na tono ƙoƙon Kulu daga jaka. Kullum bayan sallar asuba sai in cika bokiti in bi su ɗaya bayan ɗaya ina watsawa, bayan wanda tiyo ke ba su.

Kuma abin ya yi kyau. Salak ɗina ya buɗe, wake ya yi duhu, ganye ya yi faɗi. Si Rabah ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce, "Kai baƙin nan, hannunka na da albarka." Ranar har nama aka aiko mini daga cikin gida. Na kwanta ina jin kaina.

Sai wata safiya na fito na tarar iska ta juyo daga teku, ga wani farin hazo mai laima ya kwanta a kan lambu. Akwai wani wari a ciki, irin na ashana idan an ƙyasta, yana ɗan kartar maƙogwaro. Ban kawo komai a raina ba. Na yi ban ruwana yadda na saba, har na ƙara. Kafin la'asar ganyen ya yi wani iri, kamar an tsoma shi a ruwan zafi. Washegari wuraren suka bushe suka koma fari fat, jijiyoyin ganyen kuwa suna nan kore shar. Sababbin 'yan ganyen tsakiya ba abin da ya same su, manyan da suka gama buɗewa su ne suka ƙone. Bakin albasa ya yi fari. Na juya ganye na duba, babu tsutsa, babu ƙwaro. Fangullan sama ma sun taɓu, amma kaɗan. Nawa ne suka lalace.

Na ari wayar Hamidu na kira gida. Yayana Nomau ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai da anka haifa cikin lambu kaka tambaya? Ƙishi na. Ƙara mishi ruwa da sahe, ka bi shi da toka. Haka Baba ka yi." Kulu ta karɓi wayar. "Baban Hassi, in abin ya ƙiya ka komo gida. Ko garin rogo munka sha, muna tare." Ban gaya mata cewa ko komowar ba ta hannuna ba.

Na bi maganar Nomau, don ni ma abin da ke raina ke nan. Hazon ya sake zuwa, na sake cika su da ruwa, ɗan abin da ya rage ya ƙarasa.

Si Rabah ya zo ya tsuguna ya murza ganye ɗaya, ya ruguje a hannunsa. Bai yi ihu ba, kuma gara a ce ya yi. Ya ce hayaƙin nan ya saba taɓa masa shuka, kowa a unguwar ya san da shi, amma bai taɓa ganin ɓarna irin wannan ba, kuma a fangullana kaɗai. Ko dai na zuba wani abu, ko ban san aikin ba. "Ga iri, ka sake shukawa. Idan wannan ya ƙone, zan buɗe maka ƙofa." Ya nuna ƙofar da haɓa, ya tafi.

Na shuka. Tsoro ya sa na ƙara himma, himmar kuwa ita ce watsa ruwa.

A bayan fangullana katangar gajeriya ce, kuma akwai wani tsoho a gidan da ke jikinta, Ammi Salah. Ammi a bakinsu kamar mu ce baffa ne. Yana da itacen ɓaure ɗaya da 'yan tantabaru, da wani tari da ake ji tun daga nesa. Tun zuwana yakan miƙo mini burodi da man zaitun ta kan katanga, wani lokaci da gahawa a ƙaramin kofi. Ranar Juma'a, da yake ba na iya fita masallaci, in ya dawo sai ya zo ya ba ni labarin huɗuba a taƙaice, ya ce kada in ji an bar ni a baya.

Wata safiya ina tsakiyar watsa ruwa na ji tarinsa a kaina. Ya daɗe yana kallona ashe.

"Ɗana, kullum haka kake yi?"

Na ce kullum, haka muke yi a ƙasarmu.

"Har ranar da iska ta zo daga can?" Ya nuna bututun.

Na ce ranar ma na fi yi, don na ga ganye na ƙonewa.

Ya dafe kai. Sannan ya ce in matso. Ya nuna mini kwaɗon ƙofarsa, wanda ya ce bai daɗe da saya ba, ya ci tsatsa ya yi ja. Ya nuna kwanon rufin ɗakin tantabaru, duk ya huhhuje. Ya janyo reshen ɓaure, gefen da ke kallon teku ganyensa da tabo fari, ɗaya gefen lafiya lau. Ya ce shi a masana'antar nan ya yi aiki tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya san abin da ke fita ta bututun. Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne abin tsoro ba. Akwai wata iska a cikinsa mai warin ƙibiritu, wato farar wuta, in ta haɗu da laima sai ta zama ruwa mai cin abu, dangin ruwan batir, sai dai mai rauni.

Ya ɗauki ganyen wake ɗaya ya juya bayansa. Ya ce a nan akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan shuka ke numfashi. Idan ta ƙoshi da ruwa, rana ta fito, sai ta buɗe su duka. Idan ta ɗan ji ƙishi sai ta tsuke. Iskar nan ta ƙofofin take shiga, ta tarar da ruwan cikin ganye, ta ƙone shi daga ciki. Shukar Si Rabah da ke shan ɗis-ɗis bakinta a tsuke yake, shi ya sa take tsira da ɗan tabo. Tawa kuwa na ƙosar da ita, na jiƙa mata jiki, ta buɗe baki tana jiran guba.

Na tsaya da ƙoƙo a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata. Na ji kunya, na ji haushi, har na ji kamar ana zagin Baba a kabarinsa. Na ce, "Ammi, a garinmu wannan shi ne ƙauna ga shuka."

Ya ce, "A garinku iska ba ta da laifi." Ya yi tari mai tsawo, ya buga ƙirjinsa. "Ni ma da baki buɗe na yi aiki a can. Ba wanda ya gaya mini."

Ya koya mini abin yi. In fito da safe in fara shaƙar iska. In daga tudu take, babu wari, in yi yadda nake so. In daga teku take, ga hazo, ga warin ashana, in ajiye ƙoƙo, in rufe tiyo, in bar su da ƙishinsu har iska ta juya, sannan in ba su a gindi da yamma. Ya ce ba zai hana duka ba, amma zai rage.

Wake ya kai gwiwa, salak ya fara naɗewa, sannan safiyar ta zo. Tun kafin in buɗe ƙofa na ji kartar a maƙogwaro. Hazo ya kwanta. Na je na rufe tiyon fangullana, na dawo na zauna a kan bokitin da na kife. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan zaman ba. Hantsi ya yi, hazon ya tashi amma iska ba ta juya ba, warin na nan. Wajen azahar ganyen wake ya fara saukar da kai. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Ina jin muryar Baba, ina jin ta Nomau, ina kuma hango motar nan da rairayi. Na ce a raina, idan tsohon nan ya yi kuskure, na kashe shukata da hannuna, kuma ba shi za a zuba a mota ba.

Ana haka sai ga Si Rabah. Ya ga shuka ta yi yaushi, ya ga tiyo a rufe, ya gan ni zaune. Wannan karon ya yi ihun. Ya ce ashe da gangan nake yi. Ya nufi famfo zai buɗe, ni kuma ban san lokacin da na tashi na tsaya a gabansa ba. Baƙo, marar takarda, na tare mai gona a gonarsa. Larabcin ma ya gudu, hannu kawai nake ɗagawa.

Sai tari daga katanga. Ammi Salah ya ce, "Rabah, ni na sa shi. Na ɗauke ka a kafaɗa kana yaro, yau ka ba ni yini ɗaya. In sun mutu, ka fara da ni kafin ka buɗe masa ƙofa."

Si Rabah ya dube shi, ya dube ni, ya yi wata magana da ba a koya mana a Islamiyya ba, ya juya ya tafi.

Bayan la'asar iska ta juya. Na buɗe tiyo, na bi gindin kowace shuka da ƙoƙo a hankali, ban taɓa ganye ba. Kafin magariba suka fara ɗagowa. Amma ƙunar ba ta nuna kanta nan take, sai an kwana. Da gari ya waye na fita dubawa. Akwai tabo, ba zan ce babu ba: gefen wasu manyan ganye ya yi fari, bakin albasa ya ɗan taɓu. Sauran kuwa kore. Fangullan sama, da aka bar wa tiyo a buɗe, sun fi nawa tabo. Na tsuguna a tsakiyar wake na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Si Rabah ya zagaya ya duba fangullan. Da zai wuce ya ce daga yau famfon gonar duka a hannuna yake. Da rana aka aiko da nama, na raba biyu na miƙa rabi ta kan katanga.

Na ƙara damina da rani a wurinsa. Da na ce gida nake so, mutumin nan da ya nuna mini ƙofa da haɓa shi ya sa ni a gaban motarsa, ya kai ni babban birni, ya yi ta zirga-zirga da ni har aka ba ni takardar komawa. Na fita ta ƙofar da ƙafata, da rana tsaka. Ammi Salah ya rako ni har bakin titi, yana tsayawa yana hutawa. Ya cusa mini busasshen ɓaure a aljihu, ya ce in kai wa 'yata Hassi.

Na dawo na tarar Nomau ya karɓi aron wani lambu a gefen Birnin Kebbi. Na je gaishe shi da sassafe, tun daga kan mashin na ji abin a maƙogwaro. Can sama da lambun wasu ke babbakar fata da tsofaffin tayoyi, baƙin hayaƙi na gangarowa kan fadama tare da raɓa. Na duba alayyafonsa, ga farin nan tsakanin jijiyoyi. Shi kuwa ya cika ƙwarya ya ɗaga zai watsa. Na riƙe masa hannu.

"Sakar min hannu. Kai kat tahi Aljeriya ka koyo rowa?"

Na ce, "Yaya, ba ni yini guda. In sun mutu, ka hwara da ni."

Ya harare ni, amma ya ajiye. Daga baya mu biyu muka je muka roƙi masu babbakar, da dattawan unguwa, aka samu suka matsa can inda iska ba ta biyowa ta kan lambuna. Nomau bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, yayana ne. Na dai ji yana gaya wa wani cewa ganye na da baki, wai tun Baba ya sani.

Bara Hamidu ya kira ni ya ce Ammi Salah ya rasu, ƙirjin ne. Na yi masa salla daga nan, na sa aka yi masa addu'a a masallacinmu, mutane na tambaya wane ne. Na ce baffana ne na wajen teku.

Yau da safe ma na tsaya na shaƙa. Warin laka ne da ƙarnin kifi, ba komai a ciki. Maƙwabcina ya ɗago daga fanginsa. "To, Mai Shinshina, mi kaj jiyo?"

Na ce, "Lahiya lau ta."

Na ce Allah Ya jiƙan Ammi Salah, na cika ƙoƙon Kulu, na watsa sama yadda Baba ya koya mana, har ganye na ɗiga.